Rantsuwar Jummare da Kyautar Sammako

"Lafiya lau na wuni, sai yanzu da na ɗaga ido na gan ka. Shigo mana, ka wani toge a bakin ƙofa kamar mai tallar maganin ɓera."

"Jira nake a shimfiɗa min tabarma, a kawo ruwa, a durƙusa. Ko a rugarku ba haka ake tarbar maigida ba?"

"Maigidan da ko gishirin miya bai taɓa ajiye wa gida ba? Ni dai an cuce ni da aka ba ni kai. Dubi ƙafafu don Allah, sai ka ce karan dawa."

"Da su kika gan ni kika ce kin ji kin gani."

Ranar Alhamis ce bayan la'asar, cikin damunar 2007. Ruwa ya ɗauke bai jima ba, sanyin Jos kuwa ya sauko unguwar Ali Kazaure da ƙarfinsa. Tsohuwa Jummare tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta jawo kurfotin gawayi tsakanin ƙafafunta tana jin ɗumi. Wanda ya shigo ɗin jikanta ne, Abdulmuhaimin, ɗan aji shida na sakandare. Ita ta riƙe shi tun daga yaye. Uwarsa tana aure a Gombe, ubansa kuma yana bin motar shanu zuwa kudu, sai ya yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Su biyun nan ba sa magana sai da tsiya, ita matarsa ce, shi mijinta ne, kamar yadda kaka da jika suka saba. Duk wanda ya ji su ta katanga sai ya rantse yau za a raba auren.

Amma yau bakinsa ne kawai ke wasa, da muhimmiyar magana ya zo. Jibi Asabar za a yaye su a makaranta, a raba kyaututtuka, kuma sunansa na ciki. Makarantar tasu tana da wata al'ada: in an kira ɗalibi ya hau dandamali, sai a kira wanda ya riƙe shi, shi zai karɓi kyautar daga hannun firinsifal ya miƙa wa yaron a gaban jama'a. Bara Abdulmuhaimin ya ga wani yaro da aka kira nasa babu kowa. Yaron ya tsaya yana ta raba ido cikin taro, har sai da wani malami ya ji tausayi ya hau. Abin nan bai bar ransa ba. Shi kuwa ba shi da wanda zai hau masa sai wannan tsohuwar, ga shi makarantar a Kabong take, inda ta yi shekara shida ba ta taka ba.

Ya zaro kati daga aljihu ya ɗora mata a cinya.

"Mene ne wannan? Takardar sakina ce? Alhamdu lillahi, na huta."

"Ba za ki samu ba. Katin gayyata ne. Mijinki ya ci kyauta, duk makarantar ba wanda ya kama ƙafarsa."

Ta juya katin sama a ƙasa tana dubawa kamar mai karatu. "Kai ɗin? A lissafi?"

"A'a."

"A Turanci?"

"Ba shi ba."

"To a cin masa ne?"

"A sammako. Shekara shida ban taɓa makara ba, ban taɓa fashi ba. In dai an buɗe ƙofar makaranta, to ni ne na farko. Mista Chollom da bakinsa ya faɗa a asambili, ya ce tun da ya zama firinsifal bai ga irina ba."

Jummare ta tuntsire da dariya har sai da tari ya sarƙe ta. "Wayyo cikina! 'Ya'yan mutane suna cin kyautar ƙwaƙwalwa, nawa mijin ya ciyo ta gadi! To ai sai su ba ka tocila da sanda. Me za a bayar?"

"Agogon bango. Ƙato, mai ƙararrawa."

"Ka ji wani shirme. Mutumin da bai taɓa makara ba shi za a ba agogo? Su ba masu makarar mana! Wai ma tsaya. Kai ka isa ka ce kai ka tashi kanka? Wa ke zare maka bargo?"

"Zakara."

"Zakaran gidanku! Zakaran nan sai na tashe ka shi ma yake samun ƙarfin cara. Kai da in ka kwanta ko babbar mota ta bi ta kanka ba ka sani ba? Sau nawa ina yayyafa maka ruwan randa a wuya cikin sanyin Disamba?"

"Ai wannan laifi ne, ba abin alfahari ba. Da na kai ki ƙara da yanzu kina gidan kaso kina saƙa hula."

"Ka kai. In gaya wa alƙali ranar da ka fita da takalmi wari da wari, ɗaya naka ɗaya nawa."

"Saboda kin tashe ni ƙarfe huɗu ne! Kuma ranar Lahadi! Na isa makaranta na tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi yana tambayata ko lafiya."

"Ka makara?"

"Ban makara ba."

"To rufe min baki. Kyautar nan tawa ce, halaliyata. Sunanka kawai aka ara."

Abin da yake jira ke nan. Ya gyara zama a kan turmi, ya miƙa hannuwansa ga wutar kurfoti kamar ba komai. "Na yarda, taki ce. Sai ki shirya jibi ƙarfe goma ki je ki karɓi abinki. Na riga na ba da sunanki, da lasifika za a kira."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Ta ɗauki tsinke ta hau tonon gawayin da ba ya buƙatar tono.

"Gwiwata ba za ta iya ba."

"Gwiwar da ta kai ki bikin suna a Kwararafa shekaranjiya a ƙasa? An ce har rawa kika taka."

"Ƙarya ake min, kaɗa kai kawai na yi. Kuma ba ni da zanen fita."

"Akwatinki ko rufuwa ba ya yi. Akwai atamfar da tun ina aji ɗaya na sakandare take jiran ranar fita, har ta gaji ta fara tsufa kamar mai ita."

"Turanci za su yi ta yi. Ni me zan ji?"

"Ba jarrabawa za a yi miki ba. Ki miƙa hannu, ki karɓa, ki washe haƙoran nan guda huɗu a ɗauki hoto."

"Shida ne, ɗan nema!"

"Da na jikin taɓarya kika haɗa?"

Ta kai masa duka da mafici, ya goce. Sai kuma ta ajiye maficin, ta dube shi sosai, muryarta ta sauka. "Kai ma ka sani. Na yi rantsuwa."

Ya sani kuwa. A Kabong aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina tun suna kiwo a bayan duwatsu. Da rikicin watan Satumba na 2001 ya tashi, maƙwabciyarsu Firisila ce ta ɓoye su kwana biyu a ɗakin ajiyar dankalinta, har sojoji suka zo suka fitar da su. Gidan ya ƙone. Ranar da suka sauka a Ali Kazaure, Jummare ta ɗaga hannu ta rantse da Allah ƙafarta ba za ta ƙara taka Kabong ba, ta kuma hana a ambaci unguwar a gabanta. Shi kuwa a lokacin ya riga ya sami gurbi a sakandaren can, babu halin canji. Haka ya yi ta ƙetarawa kullum, ita kuma tana zaune a bakin zaure da carbi har sai ta hango shi ya dawo.

"Rantsuwa kika ce? Wannan mai sauƙi ne. Ƙafarki kika ce ba za ta taka ba, to zan goya ki tun daga Gada Biyu, mashigar unguwar, har kan dandamali."

"A wannan bayan? Mu zube a kwata a kwashe mu a baro?"

"To in ɗauko miki ɗan goyin, ya shiga da babur ɗinsa har cikin hol ɗin taron."

"Ni in hau babur, zane ya tashi, duniya ta kalle ni? Kai dai ba ka kishina ko kaɗan. Kuma Allah kake so ka yi wa wayo? Wanda ya halicci wayon?"

"Ba wayo. Na tambayi Malam Ɗanbaba na Islamiyya."

Ta dafe ƙirji. "Ka kai maganata wurin malam? Innalillahi! Wato duk masallaci yanzu an san sirrina."

"Ban faɗi suna ba. Cewa na yi wata tsohuwa ce mai taurin kai, mai haƙora huɗu."

"Ai ka faɗa ke nan, la'ananne!"

"Ya ce wanda ya yi rantsuwa, sai ya ga abin da ya fi ta alheri, to ya yi kaffara ya aikata alherin. A ciyar da mabuƙata goma, kowa mudu guda, da ƙaramin mudun nan da kike awon zakkar fid-da-kai. Ya ce ko kafin a karya ma ana iya fitarwa. Ga buhun masara can a ɗaki kin tasa shi gaba kamar za a binne ku tare."

"Masarata ce, ba ta ubanka ba."

"Ubana ne ya aiko da ita."

"To ba taka ba ce."

Tsohuwar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba ta kawar da kai, ta koma kallon garwashi. Nan Abdulmuhaimin ya gane ashe rantsuwar ba ita ce matsalar ba, bango ce kawai da take fakewa a bayansa, ga shi ya rushe mata. Tsoro ne fal a cikinta. Tausayinta ya kama shi, haushi ma ya kama shi, har ya rasa wanda zai fara fitarwa.

"Kaka," ya ce. Bai cika kiranta haka ba, shi ya sa ta ɗago. "Shekara shida kina tura ni can kullum da duku-duku. Ni ban da rai ne? Ke sau ɗaya tak nake roƙo."

"Kana tsammanin don son makaranta nake tashinka?" Idonta ya kawo ruwa, ta goge da gefen mayafi ta ce hayaƙi ne, alhali gawayin ko hayaƙi ba ya yi. "So nake ka bi ayarin matan da ke sammakon zuwa kasuwa, ka wuce cikin mutane. Ban taɓa son ka bi hanyar nan kai kaɗai ba. Kullum ka fita sai na ji kamar an zare min wani abu a ciki."

"Na sani."

"Ba ka san komai ba."

Can wani mai goyin ya wuce ta lungu yana ta hon. Sai ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba cikin shekara shida, da wata 'yar murya kamar ba tata ba.

"Hanyar makarantar taku... ta gaban gidan take bi?"

"Ta nan take bi."

"Me ya rage?"

"Bango ya zube. An shuka masara a tsakar gidan. Amma bishiyar fiyarki tana nan, ta fi da girma, har ta leƙa gidan su Mama Firisila."

"Firisila tana raye?"

"Garau. Jikarta Klaudiya ajinmu ɗaya, ita ta cinye kyautar lissafin da kike min gori. Kullum na wuce sai Mama Firisila ta tare ni da 'yar Hausarta: 'Yaya Mama Jummare? Yana lafiya? Ka gaya masa ina gaisuwa.'"

"Shi ne ba ka taɓa gaya min ba?"

"Wa ya ce duk wanda ya ambaci Kabong a gidan nan zai kwana a waje?"

Kunya ta lulluɓe ta, don matar da ta ɓoye ta a ɗakin dankali ko sallama ba ta yi mata ba, balle godiya. Abdulmuhaimin ya ga tana neman nutsewa, ya san in ya bar ta a haka kuka za ta yi, in kuwa ta yi kuka a gabansa ba za ta yafe masa ba. Sai ya sosa ƙeya ya yi murmushin marasa gaskiya.

"Akwai kuma wani ɗan laifi. Kin tuna fiyar da nake kawo miki duk shekara, in ce a kasuwar Farin Gada na saya?"

"Wannan fiyar banzar? Mai ɗanɗanon sabulu? Ai sau dubu ina gaya maka ko kusa ba ta kai tawa ba."

"Taki ce."

"Me?"

"Taki ce. Mama Firisila ke tsinkowa ta cika min jaka, ta ce a kai wa mai bishiya. Shekara shida kina zagin fiyarki kina lashe cokali."

Kai, zo ka ga tsohuwa! Ta miƙe zumbur, gwiwar da ba ta iya tafiya ta warke nan take. Ta rarumo mafici ta bi shi, ya zagaye turmi, ta zagayo, kaji suka watse.

"Munafuki! Maƙaryaci! Ashe da ɓarawo nake zaune! Ni za ka mayar abar dariya? Wallahi na san da wani abu, don daɗinta ya yi yawa a ce ta kasuwa ce!"

"Yanzu kika ce sabulu!"

"Sabulu mai kyau nake nufi! Kuma nawa take ba ka? Jaka guda? Ni biyu-biyu nake gani!"

"Hanya da nisa, mutum yana jin yunwa."

"Allah ya isa tsakanina da cikinka! Mijin da ke cinye saƙon matarsa a hanya, ina amfaninsa?"

Ta tsaya tana haki, ta dafa bango, dariya da hawaye suka haɗe mata har ba ta san wanda take yi ba. Shi ma ya tsaya daga nesa, yana jiran ya ga inda za ta faɗi. Ta daɗe tana kallon katin da ya faɗi ƙasa. Sannan ta sunkuya da kanta ta ɗauka, ta kaɗe masa ƙasa, ta soke shi a ƙugu.

"Kar ka ɗauka don kai ne. Bishiyata zan je dubawa, in ji daga bakin Firisila yawan abin da ka cinye."

"Na yarda."

"Kuma agogon a ɗakina za a kafa."

"Ki karanta shi da me?"

"Ƙararrawar nake so, ta riƙa tuna min na fi ka. Shiga ka jawo buhun nan. Mudun yana cikin kwalla."

Ya shiga da gudu har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Ya jawo buhun, ya kwaso ledoji, ta zauna ta fara awo da bisimilla. Masara tana zube mata gefe, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba, yana ta ƙulle leda. Ta lissafa masa gidajen da zai kai: makauniyar bayan masallaci, matar da mijinta ya rasu da azumi, tsohon mai gyaran takalmi, har goma. Ta ce a kansa zai ɗauka, kowa ya ga gwarzon makaranta yana dako.

"Goma sun cika," ya ce. "Wannan ta sha ɗayan fa? Kin manta ƙirga ne?"

"Wannan ba ta kaffara ba ce, kuma da babban mudu zan auna. Ka taɓa ganin an je wa mutum bayan shekara shida hannu rabbana?"

Ya haɗa ledojin a kwando ya ɗora a ka. Har ya kai bakin zaure ta kira shi.

"Maigida."

"Na'am, amarya."

"In mun kai Gada Biyu ka riƙe min hannu. Kar ka saki ko na ce ka saki."

"A gaban 'yan matan ajinmu? Kin kashe min kasuwa."

"Dama wa zai saya?" Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu. "Kuma ka gaya wa Chollom ɗin nan ya ɗaga murya in zai kira sunana. Kunnen nan ba ya ji sosai. Kar a kira ina zaune, ka tsaya a can sama kai kaɗai."